Gonar Mama a Kalanda

Har yau idan na shiga ofis ko shago na ga an rataye hoton duwatsu da ciyayi, babu mutum ko ɗaya a ciki, sai in ji raina ya ɓaci. Jikokina sun sani, shi ya sa ba mai kawo mini irin wannan kalanda. Abin ya samo asali ne daga yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, da wata gonar citta a bayan dutsen ƙauyenmu, can gaba da Kwoi, wadda mahaifiyarmu ta rasa ta dalilinsa. Mutane sun san shi da zanen duwatsu da rafuka, sun yabe shi, an buga shi a jarida. Ni kuwa ga abin da na sani.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan da Mama ta haifa. Babanmu ya rasu ina aji uku a firamare, ya bar mata ɗaki biyu da rumbu da wannan gona. Gonar tana da nisa. Sai ka zaga dutse, ka tsallake rafi, ka hau wani ɗan tudu, kuma ba a hangenta daga hanya. Amma ƙasa ce baƙa mai laushi wadda citta take so ƙwarai, ga falalen dutse a gefenta inda ake shanya. Da cittar nan Mama ta kai yayana sakandare har ya wuce Zariya ya koyi zane, ni kuma ta kai ni kwalejin horon malamai.

A dangin babanmu ba a riƙe gona da takarda, da fartanya ake riƙe ta. Matar da mijinta ya mutu tana ci gaba da gonarsa muddin tana nomanta. Idan ta bar ta damina biyar a jere ba a sa mata fartanya ba, sai ta koma hannun babban gida, ya ba wanda ya ga dama. Ɗa namiji yana da baki a maganar. 'Ya mace kuwa, ko ta karance littattafan duniya, a bayan mata take zama ta yi shiru. Babban gida a lokacin shi ne ƙanin babanmu, muna ce masa Baba Ƙarami, kuma tun ranar da aka binne babanmu idonsa yake kan wannan baƙar ƙasa.

Shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama aka turo mu Kafanchan, ni da yayana, kusan lokaci ɗaya. Shi yana koyar da zane a wata sakandare, ni ina fama da 'yan aji biyu a firamare. Muka kama hayar ɗakuna biyu a bayan kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa. Ni ce mai girki, ni ce mai wanki, ni ce mai wanke buroshi da kananzir, har tuwona ya riƙa warin fenti. Ban damu ba. In faɗi gaskiya, a lokacin ba ni da abin alfahari da ya wuce shi. Idan na je kasuwa aka ce ga ƙanwar tica mai zane, sai in ƙara gyara ɗaurin ɗankwali.

Yana da yadda yake aikinsa, ba ya canjawa. Ran Asabar da sassafe zai hau babur da littafin zane da fensir a jaka, ya nufi gindin duwatsun Kagoro, ko Manchok, ko bakin kogi wajen Godogodo. A littafin nan komai yake sawa yadda ya gan shi: mata da tulu, awaki, rufin kwano, sandunan waya na bakin layin dogo. A ƙasan kowane shafi ya rubuta wurin da ranar. In ya dawo gida sai ya ɗaure akoko a kan firam na katako, ya shafe shi da fari, ya fara da fentin da wani gadin jirgi yake taho masa da shi daga Kaduna. A nan ne ake korar kowa. Matan su tafi, awakin su tafi, kwanon ya tafi, a bar dutse da ciyawa da gajimare.

Maƙwabciyarmu, wata 'yar Ibo matar direban jirgi da suka dawo bayan yaƙi, takan leƙo ta taga ta tambaye shi wace ƙasa ce wannan da babu ko kaza, babu wanda mutum zai gaisar. Ni kuma nakan ce masa ya faɗi gaskiya kawai, hanci ne bai iya zanawa ba. Sai ya yi dariya ya ce mutane baƙi ne, yau suna nan gobe ba sa nan, shi ƙasa yake zanawa yadda Allah ya ajiye ta. Ina jin maganar tana da daɗi a lokacin, har nakan maimaita wa malaman makarantarmu kamar tawa ce.

Shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira muka je gida hutun Kirsimeti, daidai lokacin tonon citta. Muka bi Mama gona don mu taya ta. To, ni dai na taya ta. Shi gogan naka sai ya haye kan dutse ya miƙe ƙafa da littafinsa. Mama ta ɗaga kai ta tambaye shi ko fensir yana tonon citta a Zariya, ya ce ta yi haƙuri, aiki yake yi. Kwana uku muna tono, muna tsaga cittar da wuƙa, muna shimfiɗa ta a kan falalen dutse, hannuna duk ya yi zafi, shi yana can sama kamar shaho.

Ran na uku ya sauko ya nuna mana. Ga gonar nan kunya bayan kunya. Ga bukkar da Mama take fakewa in ruwa ya sauko, ga tsohuwar ɗorawa, ga citta fari fat a kan baƙin dutse, ga hayaƙin wutar da muka gasa gwaza. Ga Mama a tsakiya, ta sunkuya, ta ba mu baya, sanye da tsohuwar kwat ɗin babanmu mai yagaggen gwiwar hannu. Ta goge hannunta a zane, ta karɓi littafin da yatsa biyu, ta daɗe tana kallo. Sannan ta yi dariya ta ce ya ƙara mata ƙugu, kuma ya kyauta da bai sa fuskarta ba. Mama ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Duk lokacin da mai hoto ya zo coci sai ta ce zanenta bai dace ba, ta sulale ta bayan 'yan kwaya masu waƙa.

Da muka koma Kafanchan ya ɗaura akoko mafi girma da na taɓa ganin ya ɗaura. Wata biyu yana kansa. A gabana aka yi komai, ina tsince shinkafa ina kallo. Bukkar ce ta fara tafiya. Kunyoyin suka koma doguwar ciyawa wadda ta fi mutum tsawo, iska tana kwantar da ita gefe ɗaya. Dutsen ya wanke tas, babu citta ko ƙwaya. Inda Mama ta sunkuya kuwa sai ga wani ɗan kalgo ya tsiro. Na tambaye shi ina Mama, ya ce tana tare wa ido hanya, mai kallo zai tsaya a kanta bai kai ga dutsen ba. Na ce lallai Zariya ta yi aiki, uwarka ce take tare hanya. Na yi fushi na yini ɗaya, na ƙi ba shi nama a miya, shi ke nan. Ya sa hannu a kusurwa, ya rubuta shekara. Ba zan yi ƙarya ba, hoton ya yi kyau. In ka tsaya a gabansa sai ka ji sanyin wurin.

Wannan hoto shi ya fito da sunan yayana. Aka kai shi baje kolin zane a Kaduna, wani kamfani ya saya, ya buga shi a kalandarsa ta shekara mai zuwa. A ƙarƙashin hoton suka rubuta da Turanci cewa wannan wata ƙasa ce kusa da Kwoi wadda hannun mutum bai taɓa ba. Wani ɗan jarida kuma ya rubuta cewa ga mai zane wanda ba ya ƙari ba ya ragi, abin da idonsa ya gani shi yake sawa, yana yawo a babur yana neman wuraren da suka rage yadda aka halicce su. Yayana ya yanke rubutun ya sa a gilashi. Na ce masa ai wannan mutumin ƙarya yake yi, ya ce ba shi ya faɗa ba, kuma ba a gyara wa ɗan jarida magana. Ba a daɗe ba aka mayar da shi Kaduna da aiki. Ya aika kalanda goma ƙauye, ya rubuta sunan wanda za a ba kowace. Ɗaya ta Mama, ɗaya ta fasto, ɗaya ta hedimasta. Da hannunsa ya rubuta ta Baba Ƙarami.

Mama ta ƙara noma ɗaya a gonar bayan zanen. A ƙarshen wannan shekara ta zame a bakin rafi da kwandon citta a ka, ƙugunta ya goce. Na ɗauko ta zuwa Kafanchan, muka yi ta zaryar asibiti. Damina biyu ta yi a ɗakina, tana zaune a bakin ƙofa tana kallon jirage suna wucewa, duk lokacin da hadari ya haɗu sai ta ce yanzu da an rufe citta da ciyawa. Ba ta da wata magana sai ta gonar. Da ta fara takawa ba sanda, matan zumunta na cocinmu suka haɗa mata irin citta rabin buhu, ta hau mota ta koma gida tun kafin ruwan fari. Ta isa gona ta tarar da 'ya'yan Baba Ƙarami sun riga sun sa adda.

Aka kai magana gaban dattawan dangi. Na nemi izini a makaranta na je. Baba Ƙarami ya ce ta bar gonar ya fi damina biyar, Mama ta ce biyu ne, kuma kowa ya san ciwo ya kwantar da ita. Aka nemi shaidu. Gonar a ɓoye take, masu gona kusa da ita mutum biyu ne kawai. Ɗaya surukin Baba Ƙarami ne, ɗayan kuma ya ce shi ba ya ƙirga daminar wani. Ana cikin haka sai Baba Ƙarami ya sa hannu a riga ya fito da kalanda a nannaɗe, ya warware ta a ƙasa, ya danne kusurwoyinta da duwatsu. Ya ce ba shi ya zana ba, ɗanta na cikinta ne. Ga shekara nan a rubuce, shekara uku ke nan. Tun a lokacin ciyawa ta fi mutum tsawo, kuma duk manomi ya san irin wannan ciyawa ba ta damina ɗaya ba ce. A haɗa da ukun da suka biyo baya a gani.

Dattawan nan ba wawaye ba ne. Amma a duniyarsu wanda ya je wuri ya gani ya dawo ya faɗa, shaida ne, ko da baki ya faɗa ko da fenti. Ba su taɓa jin an ce mutum ya zauna kwana uku yana kallon gona don ya zana ta babu gonar ba. Suka ce a ɗaga magana mako biyu, a kira yaron ya zo da bakinsa.

Washegari na shiga jirgin Kaduna. Na same shi a wani ɗaki mai faɗi da aka ba shi, hotuna jingine ko'ina, yana shirin wani babban baje koli a Ikko. Ya yi ƙiba, ya bar gemu. Na faɗa masa komai tun ban ajiye jaka ba. Da farko dariya ya yi, ya ce wa ya taɓa jin an yanke shari'ar gona da zanen fenti. Na ce to a garinku ana shirin yi. Abu biyu na roƙe shi: ya zo ran zaman, kuma ya taho da littafin nan mai zanen fensir, wanda Mama take ciki da kunyoyinta da ranar a rubuce. Shafi ɗaya ya isa ya rufe bakin kowa.

Ya ɗauki wani buroshi yana murza gashinsa da yatsa. Ya ce ai littafin nan ya lalace. Lokacin da ya tashi daga Kafanchan ya zuba tsofaffin littattafansa a kwali, ya ajiye a ƙasa, gara ta cinye su, sai ƙonawa ya yi. Na dafe kai. Ban yi shakka ba ko kaɗan, don na san garar gidan hayar nan, ta taɓa cinye mini takardar shaidar gama makaranta rabi. Har tausayinsa na ji. Na ce ba komai, bakinsa ma ya isa, ya zo kawai ya ce shi ya cire gonar don hoton ya yi kyau. Ya ce zai zo.

Ya kuwa zo, a motar wani abokinsa, da riga da wando masu ruwan toka irin na manyan ma'aikata. Labari ya riga ya bazu cewa mutumin jarida zai zo, don haka wurin ya cika fiye da na farko. Ga hedimasta, ga fasto, ga samari 'yan sakandare da suka zo hutu, wasu har da kalandar a hannu suna so ya sa musu hannu. Dattawa suka zauna a kan gungumensu a ƙarƙashin mangwaro. Mama tana kan 'yar kujera a gefe. Ni ina baya cikin mata, zuciyata a kwance, don a ganina magana ta riga ta ƙare.

Babban dattijon, wani tsoho mai ido ɗaya wanda ya yi farauta da kakanmu, ya ɗaga kalandar kusa da fuskarsa. Ya nuna tsagar dutsen da yatsa, ya nuna ɗorawa, ya nuna inda rafi ya karya. Ya ce lallai wurin ne, ko makaho ya shafa zai gane. Ya tambayi yayana ko shi ya zana, ya ce shi ne. Ya tambaye shi ko da ƙafarsa ya je, ya ce da ƙafarsa. Sai tsohon ya ajiye kalandar a cinya ya dube shi.

"To, ɗana, abin da ka zana ɗin nan, gaskiya ne ko ƙarya?"

Kalma ɗaya ake nema. Ina kallonsa. Na ga idonsa ya je kan hedimasta, ya je kan samarin nan masu kalanda a hannu, ya dawo. Kan Mama ne kawai bai je ba.

"Baba, ni ban taɓa zana ƙarya ba."

Daga nan ya shiga bayani. Yarenmu ya gagare shi, ya koma Hausa, Hausar ma ya riƙa cusa mata Turanci. Wai akwai gaskiyar ido akwai gaskiyar ƙasa, wai mai zane yana duban abin da ke ƙarƙashin abin da ake gani. A cikin duk wannan surutu ban ji ya ce akwai kunya a wurin ba, ban ji ya ce akwai bukka ba, ban ji ya ce uwata tana tsaye a nan ba. Tsohon ya ɗaga hannu ya ce ya isa, sun ji amsar tun a farko.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ƙarya yake yi, a gabana ya goge ta, ni na wanke buroshin da ya goge ta da shi. Mata suka riƙe mini zane suna ja, wata ta toshe mini baki da tafin hannu, wani dattijo ya ce a fitar da 'yar bokon nan. Kafin su ja ni baya na ji tsohon ya juya wajen Mama ya tambaye ta ko tana da abin cewa a kan maganar ɗanta. 

"Ba zan ƙaryata ɗana a gaban mutane ba," in ji ta.

Shi ke nan. Aka ba Baba Ƙarami gona.

Na tare yayana a bakin mota. Abin da na faɗa masa ranar ba zan rubuta shi duka ba, don wasu kalmomin na riga na tuba a kansu, wasu kuma har yau ban tuba ba. Shi dai abin da yake ta maimaitawa shi ne ya yi bayani, su ne ba su gane ba. Ya ce kuma in kwantar da hankalina, Mama ta tsufa da noma, zai riƙa aiko mata da abin da ya fi abin da citta take ba ta. Na ce masa ya aika wa kalgon.

Ya cika alkawari, ba zan hana shi wannan ba. Duk wata saƙonsa yana isowa. Mama ba ta rasa abinci ba, ba ta rasa sabulu ba. Amma ta zama wata iri. Ta rabar da irin cittar da matan zumunta suka ba ta. Na yi na yi ta dawo Kafanchan, ta ƙi. Idan lokacin tono ya yi sai ta ɗauki wuƙarta ta shiga gidajen mutane tana taya su tsaga citta, ba don a ba ta komai ba, ta ce hannunta ne ba ya son zama. Hanyar bayan dutse kuwa ba ta ƙara bi ba. Abin da ya fi ba ni haushi, kalandar nan tana nan a bangon ɗakinta, shekararta ta wuce tuni, ta yi jawur da hayaƙi. Sau biyu na kai hannu zan yage ta, ta hana ni.

Wata rana na je hutu, muna zaune da rana tana gyaran acca, sai ta ce in sauko mata da ita. Ta ce in nuna mata daidai inda take tsaye ranar. Na sa yatsa a kan kalgon. Ta kalla, ta kalla, ta gyaɗa kai. Ta ce dutsen dai ya iya shi. Ta miƙo mini na mayar a ƙusa, ta ci gaba da gyaran accarta. Na fita bayan rumbu na yi kukana na dawo.

Damina biyu bayan shari'ar ta rasu, ba wata doguwar jinya. A lokacin wani sabon salo ya shigo daga birni, a ajiye hoton mamaci a gaban akwati a coci don masu wucewa su gani. Fasto ya tambaye ni hotonta, na ce babu, ba ta taɓa tsayawa an ɗauke ta ba. Ya ce ba komai, sai a sa furanni.

Da safen jana'iza yayana ya iso. Tun ranar shari'a ban yi masa magana ba, gaisuwa ma sai dai ta hannun mutane. Ya fito daga mota da wani abu a naɗe cikin jarida, ya wuce kai tsaye cikin coci. Ina tsaye ina jera furanni a kan teburin da ke gaban akwati. Ya warware jaridar ya jingina abin a tsakiyar furannina.

Shafin ne. An sa shi a gilashi da baƙin firam. Ga kunyoyin, ga bukka, ga citta a kan dutse, ga hayaƙi, ga Mama ta sunkuya cikin kwat ɗin babanmu. A gefe ɗaya ana ganin inda aka yage shi daga littafi, yagar sabuwa ce, fara tas. A ƙasa ga sunan wurin da ranar da rubutun hannunsa. Na duba kusurwa huɗu. Ko cizon gara ɗaya babu.

Na zauna a benci na gaba. Aka yi waƙa, aka yi wa'azi, ban ji ko ɗaya ba. Da aka ce a zo a yi ban kwana, mutanen gari suka jeru suna wucewa ta gaban teburin. Baba Ƙarami ya kalla sau ɗaya ya kau da kai. Hedimasta ya sunkuya ya karanta ranar, na ga leɓensa yana motsi yana lissafi. Tsohon nan mai ido ɗaya, da aka riƙo shi ya iso, ya ɗauki hoton ya kai kusa da fuskarsa yadda ya yi wa kalanda. Ya tsayar da layin gaba ɗaya. Sannan ya ajiye, ya juya ya nemi yayana da idonsa guda, aka wuce da shi. Amfanin me? Mai gonar tana cikin akwati, ɗanta ba manomi ba ne, ni kuma mace ce.

Bayan an rufe kabari na same shi shi kaɗai a gindin ƙararrawar coci. Muryata ma ba ta tashi ba, na gaji.

"Yaya, gara ce ta dawo maka da shi?"



"Da na kawo shi ranar, da kowa ya ajiye shi gefe da gefe da na kalandar," ya ce. "Da an ce wancan ƙarya ne. Kuma wancan ne aikina."

Na ce masa na ji. Na koma cikin coci, na ɗauki hoton daga cikin furanni, na sa a hammata na wuce ta gabansa. Bai hana ni ba.

Ya rayu shekaru da yawa bayan haka, ya yi ta zana duwatsu, an ce har ƙasashen waje an rataye su. Fastoci uku a lokuta dabam-dabam sun zaunar da ni a kan maganar yafewa. Na je bikin 'ya'yansa, na je jana'izarsa, na yi abin da ya kamata ƙanwa ta yi a idon mutane. Ko na yafe ko ban yafe ba, wannan tsakanina da Allah ne, kuma Ya san ban iya ƙarya ba. Jikokin Baba Ƙarami ne suke noman gonar yanzu, an ce har yau ba ta gaji da citta ba.

Hoton yana ɗakina, a saman gado. Duk shekara in na ji ƙanshin sabuwar citta a kasuwa, nakan dawo gida in sauko da shi in goge gilashin. Ba ni da fuskarta. Ta ba ni baya, tana aiki a gonarta, kuma ga ranar nan a rubuce a ƙasa.